Magatakardan likita da rubutun ɗakin gaggawa

Ɗakin gaggawa shi ne sashen asibiti inda ake karɓar wanda ciwo ya auka wa ba shiri: wanda ya yi hatsarin babur, wanda maciji ya sara, yaron da ke fizge-fizge saboda zafin masassara. A nan hannun likita da idonsa duka suna kan marar lafiya. To, wa zai riƙe alƙalami?

A asibitoci da dama na ƙasar Amurka akwai ma'aikaci na musamman don wannan aiki, wato magatakardan likita. Yana biye da likita daga gado zuwa gado, yana saurare, yana rubuta abin da aka faɗa da abin da aka yi. Ba ya yin allura, ba ya ba da magani, ba ya faɗin sunan ciwo da bakinsa. In ya gama, likita ya karanta, ya gyara, ya sa hannu, domin nauyin abin da aka rubuta yana wuyan likita ne. Wannan sana'a ta bunƙasa bayan shekara ta 2009, lokacin da gwamnatin ƙasar ta kafa dokar da ta ƙarfafa ajiye bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta, rubutu ya yi wa likitoci yawa. Da yawa daga cikin magatakardan matasa ne masu niyyar karatun likita. Daga wajejen 2023, wasu asibitoci sun soma aiki da na'urar da ke sauraren magana tana rubutawa, amma ita ma sai likita ya duba aikinta.

A nan Nijar, ko a Yamai, ko a Damagaram, ko a ƙaramin gidan likita na karkara, galibi likita ko malamin jinya ne ke rubutu da kansa, cikin Faransanci. Amma abin da ake nema iri ɗaya ne ko'ina.

Farko suna da shekaru da gari. Ku ba da sunan marar lafiya haɗe da na mahaifinsa, domin ana iya samun Lawali biyu kwance a ɗaki guda. Sai lokaci, kuma nan ne ya kamata ku lura sosai. Ana rubuta lokacin da kuka iso, ana kuma tambayar lokacin da ciwon ya soma. "Tun ɗazu" ba amsa ba ce. Idan ba ku duba agogo ba, ku ce "bayan sallar azahar" ko "kafin kiran asuba", ma'aikaci zai iya ƙiyastawa. Ga macen da naƙuda ta daɗe wa, ko wanda ya sha guba, sa'a biyu da sa'a goma ba ɗaya ba ne wajen zaɓen abin da za a yi. A takardar asibiti sa'o'in rana ana ƙirga su har 24: in kun ga 14h30, ƙarfe biyu da rabi ne na rana.

Bayan haka a rubuta abin da marar lafiya ko mai rakiyarsa ya faɗa, sannan abin da aka auna. Zafin jikin mai lafiya wajen 37 ne; daga 38 akwai masassara. Awon hawan jini lamba biyu ne, kamar 12/8. Yaro kuwa sai an ɗora shi bisa ma'auni, domin gwargwadon nauyinsa ake ba shi magani. A ƙarshe likita ya rubuta ciwon da yake tsammani da maganin da ya bayar.

Mutane da yawa sukan ɓoye maganin da suka riga suka sha, don tsoron faɗa. Wannan kuskure ne babba. Ko saiwa ce, ko jiƙo, ko ƙwayar da aka saya a tebur, ku faɗa. In kwalin yana nan ku zo da shi. Haka nan idan wani magani ya taɓa sa wa marar lafiya ƙaiƙayi ko kumburi, ku nemi a rubuta. Likitan dare ba shi ne na safe ba, kuma wanda ya karɓi aiki takarda zai fara dubawa. Abin da aka rubuta sirri ne tsakanin marar lafiya da masu yi masa magani.

Ku da kuka koyi karatu da rubutu kuna iya zama magatakardan gidanku. Kafin mota ta zo, ku rubuta a ƴar takarda lokacin da ciwon ya soma, sau nawa aka yi amai, da abin da aka sha. Ku ɗauki karne na asibiti da tsofaffin takardun magani. Idan daga ƙaramin gidan likita aka tura ku babban asibiti, kada ku tashi sai an ba ku takardar turawa, ku sa ta cikin leda don kada zufa ko ruwa ya ɓata ta.