Launin Gashin Kare da Ƙwazonsa a Farauta: Nazari daga Birnin Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba wata tambaya da ta daɗe a bakin mafarauta: shin launin kare yana da hannu a hancinsa, gudunsa da zuciyarsa a daji? An auna tambayar da abin da ilimin gado ya tabbatar game da launi, da hukuncin fiƙihun Malikiyya da Kanawa ke bi, da yanayin rani na ƙasar Kano. Launi ba ya yin gwanin kare. Yana taɓa aiki ta fuskar ji, zafin rana da saurin hango kare a daji, amma tasirinsa mafi nauyi yana bi ne ta hannun mai karen.

1. Gabatarwa

Farauta ta girmi ganuwar Kano. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya bayyana Barbushe na dutsen Dala a matsayin ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa, tun kafin Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ginin ganuwa. Yau babu daji a cikin badala, amma sana'ar ba ta mutu ba. Da an kawar da amfanin gona, 'yan farauta na cikin gari da na ƙauyuka kan yi gangami su fita da karnukansu neman zomo, gada, kurege, gafiya da zabin daji. A wajen zaɓen kwikwiyo ake jin maganar launi: wani ya fi son ja, wani ba ya ɗaukar baƙi ko kyauta aka ba shi, wani kuma yana ganin fari ba shi da juriya. Wannan nazari bai raina waɗannan maganganu ba, domin masu yin su sun fi kowa sanin kare. Abin da ya nema shi ne ya raba abin da ke jikin dabba da abin da ke idon mutum, ta hanyar bibiyar binciken da aka riga aka wallafa.

2. Baƙin kare a fiƙihu

Ƙyamar baƙin kare tana da tushe sananne. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya keɓe shi a cikin abubuwan da ke yanke salla. A kan haka mazhabar Imamu Ahmad bin Hambal ta hana cin abin da baƙin kare wuluk ya kamo, kamar yadda Ibn Ƙudama ya kawo a Al-Mugni. Malikiyya, Shafi'iyya da Hanafiyya ba su bi wannan ra'ayi ba. Sharaɗin da aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta gindaya shi ne dabbar ta kasance horarriya, mai ita ya sake ta, ya kuma ambaci sunan Allah. Ke nan a mazhabar da ake karantarwa a zaurukan birnin Kano, horo ne ke halatta abin da kare ya kamo. Ko ra'ayin Hambaliyya ma hukunci ne na ibada. Bai ce baƙin kare ya kasa sauran karnuka bin sawu ba. An daɗe ana cakuɗa waɗannan maganganu biyu, kuma baƙin kare ne ke shan wahalar cakuɗawar.

3. Yadda launi ke samuwa

Duk launukan kare daga sinadarai biyu suke: yumelanin mai ba da baƙi ko ruwan ƙasa, da fiyomelanin mai ba da ja ko rawaya. Fari rashin su biyun ne. Ƙwayoyin gado kaɗan ne ke sarrafa rabon: MC1R da ASIP suna juya aiki tsakanin sinadaran biyu, TYRP1 yana mai da baƙi ruwan ƙasa, MLPH yana dusasar da launi zuwa toka-toka, MITF kuma yana kawo farin dabbare. A 2007 Candille da abokan aikinta suka nuna a mujallar Science cewa baƙin da ke rinjaye a karnuka daga CBD103 yake. Hancin kare kuwa yana dogara ne da ɗaruruwan ƙwayoyin gado na sansano wari, gudu da juriya kuma sun rataya a kan tsoka, huhu, zuciya da tsarin ƙashi. A 2022 Morrill da abokan aikinta suka bibiyi karnuka fiye da 18,000, suka gano cewa irin kare gaba ɗayansa bai bayyana fiye da kimanin kashi 9 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin kare da kare ba. Idan iri sukutum bai wuce haka ba, da wuya launi shi kaɗai ya ɗauki nauyin da ake ɗora masa.

4. Inda launi ke taɓa aiki

Mafi tabbaci shi ne kurumta. Ƙwayoyin da ke yin launi suna da aiki a can cikin kunne, kuma idan babu su a wurin, sashen ji yakan lalace tun kare yana ɗan makonni. Binciken George Strain na Jami'ar Jihar Luwiziyana ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na karnukan Dalmatian a Amurka kurame ne a kunne ɗaya ko duka biyu. Haɗarin ya fi yawa ga kare fari fat, musamman mai farin kai da shuɗin ido. Kurman kunne ɗaya ya fi wuyar ganewa: yana jin kira amma ba ya gane daga ina ya fito, sai a ce masa mai taurin kai. A nan shakkar mafarauci a kan farin kare tana da gaskiya, ko da yake gaskiyar ba ta shafi ja ko baƙi mai farin ƙirji da fararen ƙafafu ba.

Zafi ya fi rikitarwa. A Afrilu zafin Kano yakan kai maki 40, kuma baƙin gashi ya fi zuƙar hasken rana. Binciken McNicholl da abokan aikinta a 2016, a kan karnukan tsere a kudancin Ostareliya, ya sami zafin jikin masu duhun launi ya ɗara na masu haske bayan gudu. Wani gwaji na 2019 a kan baƙaƙe da rawayen karnukan Labrador bai ga bambanci ba. Kare da haki yake fitar da mafi yawan zafinsa, don haka ƙiba, tsawon gashi, ruwan sha da lokacin fita sun fi launi nauyi. Baƙin karen da aka saki da sanyin safiya cikin hunturu ba shi da wata tawaya.

Sai hangowa. Jan kare a busasshiyar ciyawa, cikin hazo, kusan launinsa ɗaya da gada. A farautar gangami, inda ake jifa da gora ana harbi da adaka, wannan haɗari ne ga karen. Dalilin ke nan da ya sa John Russell, a Ingila ta ƙarni na 19, ya fifita ƙananan karnuka masu rinjayen fari, don kada a ɗauke su yanyawa. Namun daji masu shayarwa kuwa yawancinsu ba sa rarrabe ja da kore sosai. Motsi da wari ne ke tona asirin kare a wurinsu.

5. Jini da hannun mai kare

To daga ina shaidar mafarauci ta fito, shi da ya ga jajayen karnuka sun yi fice shekara da shekaru? Amsar tana cikin zuriya. Idan gwanar karya ja ce, aka riƙa rububin 'ya'yanta, launi da gwaninta za su yi tafiya tare ba don ɗaya ya haifi ɗaya ba. An ga haka a Turai. Podberscek da Serpell sun ruwaito a 1996 cewa jajayen karnukan Cocker Spaniel sun fi masu dabbare faɗa, amma an daɗe ana kiwon layukan biyu a rarrabe. A 2018 McGreevy da abokan aikinsa suka sami Labrador masu ruwan ƙasa a Birtaniya suna rayuwa shekara 10.7 a tsakaice, sauran kuma 12.1, suka danganta hakan da ƙuntata kiwo don neman launin. Karen Azawak na Mali da Nijar ma darasi ne: ƙa'idar masu baje kolin karnuka a Turai ta taƙaita launukan da take karɓa, alhali a gidajen Buzaye da suka rene shi launukansa sun fi haka yawa. Karnukan ƙasar Hausa ba a rufe jininsu a littafi ba, suna haɗuwa da juna a sake, saboda haka duk alaƙar launi da gwaninta takan warware cikin 'yan haihuwa.

Abin da ya fi damun wannan marubuci shi ne rabon kulawa. A cikin birni gidaje a matse suke, maƙwabta ba sa maraba da kare, baƙi kuma ya fi shan jifa da kora. Kwikwiyon da aka zaɓa don launinsa shi ake ba romo da ƙashi, shi ake haɗawa da tsofaffin gwanaye, shi ake nema wa magani. Wanda aka ƙi yakan tashi a bola da tsutsar ciki da kaska. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Idan ranar ta zo aka gwada su biyun, kiwon aka gwada.

6. Yadda za a gwada a Kano

Tambayar tana gwaduwa ba da kuɗi mai yawa ba. Ciki ɗaya yakan fito da launuka daban-daban, don haka sai a ɗauki kwikwiyoyin uwa ɗaya, a ba su abinci da horo iri ɗaya, a yi musu rigakafin haukan kare da maganin tsutsa tare. A tafa hannu a bayan kowanne, dama da hagu, tun yana wata biyu, a ware mai matsalar ji. A lokacin rani a auna zafin jiki kafin gudu da bayansa, a rubuta lokacin da kowanne ya ɗauka wajen gano sawun da aka shimfiɗa masa. Alƙalancin ya dace ya kasance a hannun sarakunan dawa tare da likitocin dabbobi, wanda zai haɗa sakamakon kuma a ba shi lambar kare kawai, kada a gaya masa launinsa.