Tsutsa da Garkuwar Jiki: Tarihin Wani Zaman Doya da Manja

A shekara ta 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana binciken gawa a wani asibiti a Alƙahira, sai ya tarar da wata siririyar tsutsa kwance cikin jijiyar jini. Ita ce mai haddasa tsargiya, wato fitsarin jini, cutar da yaran ƙasar Hausa masu wanka a kududdufi suka sani sarai. A 1910 kuma aka sami ƙwanta a ƙodar gawawwakin Misirawan dā, waɗanda suka rasu kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Ashe zaman mutum da tsutsa daɗaɗɗe ne.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, yaya jiki yake yi da baƙon da ya fi ƙarfin ƙwayoyin jini su haɗiye shi, yakan kuma shekara da shekaru bai tafi ba? Amsa ta soma fitowa a 1966 da 1967, sa'ad da masana a Amurka da Suwidin suka gano wani makami cikin jini, aka raɗa masa suna IgE. Shi ne ke tayar da borin jini da wani nau'in asma. A 1968 aka auna jinin yaran Habasha masu tsutsar ciki, aka ga wannan makami ya ninka na yaran Suwidin sau da yawa. Nan aka fara zaton cewa asalin aikinsa yaƙi da tsutsa ne. Wani bincike na Gambiya da aka buga a 1991 ya ƙarfafa wannan zato, domin waɗanda makaminsu ya fi gane tsutsar tsargiya sun fi tsira daga sake kamuwa bayan magani.

Sai dai ita ma tsutsa tana da dabararta. A 2000 aka nuna cewa yaran Gabon masu tsargiya ba su cika yin borin fata ba idan an gwada su da ƙwaron ƙurar ɗaki, saboda wani sinadari mai kwantar da garkuwa, IL-10, ya yawaita a jikinsu. Wato tsutsa na lallashin mai masauki don ya bar ta ta zauna. Ganin haka, waɗansu likitoci suka gwada shayar da masu kumburin hanji ƙwan tsutsar alade, amma babban gwajin da aka kammala a Amurka a 2013 bai nuna amfani ba.

Saboda haka kada a ɗauka tsutsa abokiya ce. Ƙwan tsargiya yakan maƙale a bangon mafitsara, jiki ya kewaye shi da kumburi, kumburin ya zama tabo, wani lokaci har ya kai ga ciwon daji. Aikin ma'aikatan lafiya bai sake ba: a kai maganin praziquantel makarantu, a samar da ruwa mai tsabta. Aikin masana kuwa shi ne su koyi dabarar tsutsa, su mai da ita magani, ba tare da an bar wa yaron ƙauye tsutsar a jikinsa ba.