Papworth: Ƙauyen Da Masu Tarin Fuka Suka Raya

Papworth Everard ƙauye ne a gundumar Cambridgeshire ta Ingila, kimanin mil 10 yamma da birnin Kambirij. Gidajensa sun jeru ne a bakin tsohuwar hanyar da Rumawa suka shimfiɗa daga Landan zuwa arewa, wadda ake kira Ermine Street. Ƙasar wurin laka ce mai wuyar huɗa, shi ya sa a da ƙauyen ba shi da jama'a da yawa. Abin kallonsa ɗaya shi ne katafaren gidan nan, Papworth Hall, wanda aka gina a farkon ƙarni na 19.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, likita Pendrill Varrier-Jones, ɗan asalin Wales, shi ke kula da masu tarin fuka a gundumar. Maganin cutar a zamanin bai wuce hutu da abinci mai gina jiki da shan iska ba. Abin da ya dame shi shi ne abin da ke biyo bayan sallama. Mutum ya ɗan murmure, a ce ya tafi gida ya nemi aiki marar wahala, alhali babu mai ɗaukar mai tari aiki. Sai ya koma ɗakinsa mai cunkoso, yunwa ta kama shi, ciwo ya dawo, ya kuma shafa wa iyali.

Likitan ya fara gwaji da 'yan majinyata a ƙauyen Bourn, sannan a 1918 ya kwaso mutum 17 zuwa Papworth Hall. A ganina, nan ne hikimarsa ta fito fili, domin bai tsaya ga gadajen jinya ba. Ya buɗe wuraren sana'a: kafinta, ɗab'i, ɗinkin jakunkunan fata da akwatunan tafiya. Kowa na aiki gwargwadon ƙarfinsa bisa shawarar likita, a biya shi lada, kayan kuma a kai kasuwa su yi gogayya da na kowa. Wanda ya sami sauƙi a ba shi gida mai wadatar iska, matarsa da 'ya'yansa su tare. Mutanen da ake gudu a garuruwansu suka wayi gari masu gida da albashi, likita kuma na kusa idan jiki ya motsa.

Varrier-Jones ya rasu a 1941. A 1948 ɓangaren asibiti ya koma hannun hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, gidaje da masana'antu suka zauna hannun ƙungiyar jinƙai, wadda daga baya ta buɗe ƙofa ga masu wasu nakasu bayan an sami maganin tarin fuka. Likitocin da suka goge a tiyatar ƙirji kuwa suka karkata ga zuciya. A 1979 likita Terence English ya yi dashen zuciya na farko da ya yi nasara a Birtaniya, a cikin wannan ƙauye. A 1986 aka dasa wa wata mata zuciya da huhu da hanta a aiki ɗaya, irinsa na farko a duniya.

Daga ƙarshe tsofaffin gine-ginen suka yi wa asibitin kaɗan. A 2019 ya tashi zuwa sabon gini a Kambirij, ya tafi da sunan ƙauyen: Royal Papworth. Ƙungiyar jinƙan nan, Papworth Trust, tana nan tana taimaka wa nakasassu da gidaje da neman aiki. Ƙauyen kuwa ya cika da sababbin unguwanni, kuma da yawa daga mazaunansa a Kambirij da garuruwan kusa suke aiki.