Ja Ka Ajiye: Yadda Shafin Intanet Ya Koyi Karɓar Kaya

Idan ka taɓa shiga kafe a Haɗeja domin cike fom ɗin makaranta, ka san akwatin nan da ake cewa ka jawo hoton fasfonka ka ajiye a ciki. Ka danna linzamin kwamfuta, ka ja, ka saki, shi ke nan. Wannan ɗan motsin fa sai da ya yi shekaru kusan 30 kafin ya iso shafin intanet.

A ranar 9 ga Disamba, 1968, Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a linzamin kwamfuta a birnin San Faransisko na Amurka. Daga baya kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 1984, ta sabar wa mutane jan fayil su jefa shi kwandon shara. Shafukan intanet kuwa sai a 1999 suka samu tsarin yin haka, lokacin da Microsoft ta saka shi a burauzarta Internet Explorer 5.

Abin mamaki, da masu tsara ƙa'idar HTML5 suka zo, ba su ƙirƙiri sabo ba. Ian Hickson ya bibiyi yadda na Microsoft ke aiki, ya rubuta shi da ƙurarsa da tsakuwarsa, don kada shafukan da suka riga suka dogara da shi su lalace. Firefox 3.5 ta karɓe shi a 2009. A shekarar nan ce masani Peter-Paul Koch ya yi masa kaca-kaca, kuma a ganina yana da gaskiya.

Duba ka gani. Yayin da kake jan hoton, burauza tana ta aika wa shafin saƙo: an shigo akwati, ana shawagi a kansa, an saki. To amma ita burauza kamar maigadi ce da aka ce kowa ya zo ya hana shi. Dole mai rubuta manhaja ya soke wannan hanin a duk saƙon shawagi, wanda ake kira dragover, kuma saƙon yana zuwa ne babu ƙaƙƙautawa. In ya manta, akwatin ba zai karɓi komai ba. In kai kuma hannunka ya goce ka saki a gefe, tsofaffin burauza sai su buɗe hoton a madadin shafin, fom ɗin da ka ɓata rabin awa a kansa ya bi ruwa, ga kuɗin kafe na tafiya.

Akwai inda na yaba musu dai. Shafi ba ya iya leƙa abin da ka jawo sai ka saki, kamar kayan da aka rufe da faifai.

Matsalar da ta fi shafarmu ita ce, don linzami aka gina tsarin, mu kuwa da yatsa muka shiga intanet. Burauzar Safari ta wayar iPhone ma sai a 2021 ta fara karɓarsa. Shi ya sa in kana koyon gina shafi, ka tabbata ka sa maɓallin zaɓo fayil a gefen akwatin.