Gumin Manomi a Jarin Arewa: Waiwaye Kan Kamfanin NNDC

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, da dama daga cikinku kun sha ratsa Kakuri a Kaduna kun ga kangon masaƙu, amma ƙalilan ne ke tambayar da kuɗin wa aka gina su. Amsar tana cikin gonakin iyayenmu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulki sun kafa hukumomin sayen amfanin gona, a 1954 kuma Jihar Arewa ta sami tata ta kanta. Da kaka hukuma za ta yanke farashin gyaɗa da auduga, ejan-ejan su auna su biya manomi, a jibge buhuna a yi dala a Kano, jirgin ƙasa ya kwasa zuwa Ikko, a sayar a Turai da farashin da ya ɗara wancan nesa ba kusa ba. Hujjar da aka bayar ita ce, rarar za ta tallafi manomi a shekarar da kasuwa ta faɗi. Sai dai kaso mai tsoka ya koma hannun hukumar raya Arewa, wadda aka sake wa fasali a 1956, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato.

Da wannan jari aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. Bankin Arewa da otal ɗin Hamdala su ma 'ya'yan wannan tsari ne. A ganina gwamnati ba ta yi kuskure da ta shiga kasuwa ba, domin attajiranmu na lokacin jarinsu na fatauci ne, kuma masaƙa tana bukatar mai haƙurin jiran riba shekaru. Inda nake da ja shi ne, manomin da aka tsakuri guminsa ba a taɓa miƙa masa takardar hannun jari ba, balle a kira shi taron lissafi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Da Janar Gowon ya raba Arewa jihohi shida a 1967, sai a 1968 hukumar ta zama kamfanin New Nigeria Development Company, mallakar jihohin baki ɗaya. Masu dukiya suka yi ta ƙaruwa har suka kai 19, kowace jiha kuma ta kafa nata kamfanin zuba jari, hankalinta ya koma can. Ƙorama ma ta ƙafe daga tushe: fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dala, man fetur ya ɗauke hankalin mahukunta, sa'an nan gwamnatin Janar Babangida ta soke hukumomin sayen amfanin gona a 1986.

Kaduna Textiles ta rufe ƙofa a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank a 2006. Shi kuwa NNDC yana nan da hedkwatarsa a Kaduna, gwamnonin Arewa ne ke riƙe da shi a madadinmu.