Lidar: daga duniyar wata zuwa bakin titi

A 1960 ne Theodore Maiman, wani masani ɗan Amurka, ya kunna hasken leza na farko. Ba a jima ba aka gane ana iya awon nisa da shi: a harba haske, ya bugi abu ya dawo, a lissafa lokacin da ya ɗauka. Tunda gudun haske sananne ne, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, nisan ya fito ke nan. Wanga dabara ita ake kira lidar. A 1971 kumbon Apollo 15 ya yi aiki da ita wajen auna tuddai da kwaruruwan wata.

Inda ta fi nuna bajinta shi ne wajen zana taswira. Ku ɗauki Caracol, kufan wani birnin mutanen Maya a ƙasar Belize. Arlen da Diane Chase sun yi shekara ashirin da wani abu suna saran daji da adda, abin da suka zana bai wuce murabba'in kilomita 23 ba. A 2009 jirgin sama mai lidar ya share kusan 200 cikin ƴan kwanaki. Ba wai hasken yana huda ganye ba ne, a'a. Cikin miliyoyin harbi, wasu kan sulale ta tsakanin rassa su taɓa ƙasa, daga baya kwamfuta ta kwashe itatuwan, sai ga hanyoyi da gonakin gefen tudu sun bayyana. A 2018 aka sanar da gano gine-gine sama da 60,000 ta haka a arewacin Gwatemala. Amma fa lidar tudu kawai take nunawa. Ko gida ne, ko kabari, ko shekararsa nawa, sai mutum ya taka da ƙafa ya tona.

To, mai taswira yana da watanni na yin nazari, mota kuwa daƙiƙa ɗaya gare ta. A 2004 ma'aikatar tsaron Amurka ta shirya tseren motoci marasa direba cikin hamadar Mojabe, mai tsawon kusan kilomita 240. Babu wadda ta kai, ta gaban ma ba ta cika 12 ba. Shekara na zagayowa, Stanley, motar jami'ar Stanford, ta gama kilomita 212 cikin ƙasa da awa bakwai, da lidar biyar bisa kanta. Daga nan kamfanin Velodyne ya fito da mai juyawa, mai leza 64, kuɗinta wajen dala 75,000. Yanzu kamfanonin Sin suna sayar da wasu a ƴan ɗaruruwan daloli.

Arha ba ta kawo fahimta ba. A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata mai tura keke. Bincike ya nuna na'urorin sun hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, amma kwamfutar ta yi ta sauya ra'ayi: mota ce, keke ne, wani abu ne daban.

Sannan ga yanayi. Ruwan sama, hazo da ƙura duk suna tarwatsa hasken, har na'urar ta ɗauki ƙura a matsayin bango. Phoenix da San Francisco, inda motocin Waymo suka fara ɗaukar fasinja, an zana titunansu dalla-dalla tun kafin a sake su. Ku kwatanta da hanyar Damagaram zuwa Agadas a watan Janairu, ranar da ƙurar Bodele ta taso daga Chadi har direba ba ya ganin motar da ke gabansa.