Madarumfa: Yadda Gulbi Ya Tara Mu, Yadda Gona Ta Yi Mana Kaɗan

Ƴan'uwa ɗalibai, duk wanda aka tambaya mi ya sani game da Madarumfa, abu biyu zai ambata: tabki da kaburburan waliyyai 99. Ba laifi, su ne suka fitar da sunanmu. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa tabkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Amma ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. A hutun da ya wuce na zauna wurin rabon gonar kakanmu, Allah ya jiƙan shi. Gonar da tsoho ɗaya ya riƙe gida da ita ce, amma da aka gama awo da igiya, abin da ya faɗo ma babana bai fi a fara shuka da hantsi a gama kafin azahar ba. Mu kuma ɗiyansa bakwai ne. Tun ranar nake tambayar kaina: ya aka yi muka taru da yawa haka a wannan ɗan yanki?

Mu fara da ƙasar kanta. Garin Madarumfa yana kudu da birnin Maraɗi da kimanin kilomita 25, kuma shi ne babban garin gunduma mai komin shida: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Daga kudu muna iyaka da jihar Katsina ta Najeriya, Jibiya na nan da an tsallaka. Ruwan sama yakan kai wajen milimita 500 zuwa 600 a shekara, wanda a ma'aunin Nijar arziki ne babba. Ƙasar iri biyu ce, kuma kowane yaron ƙauye ya san bambancinsu tun kafin ya shiga lakwal: akwai jigawa mai rairayi inda ake hatsi da wake da gujiya da aya, akwai fadama mai laka inda ake dawa da taba da kayan lambu.

Fadamar nan aikin Gulbin Maraɗi ce. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, can suna ce mashi Gada. Ya wuce Jibiya ya shigo wurinmu, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya sake komawa Najeriya ya zuba cikin Rima. Da damina kaɗai yake gudu, amma ko ya ƙafe yana barin ruwa kusa a ƙarƙashin yashi. Shi da Gulbin Gabi ke ba tabkinmu ruwa, wanda in ya cika yakan rufe hekta wajen 800. Ku riƙe wannan da kyau: bakin ruwanmu yana wata ƙasa. Za mu dawo kanta.

To, ruwa kaɗai bai isa ya bayyana cunkoson ba, sai an haɗa da yaƙi. Bayan jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo da ya fara a 1804, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807. Gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819 da taimakon mutanen da ya tarar a kwarin gulbi. Shi ya sa har gobe sarautar can sunanta Sarkin Katsinar Maraɗi. Daga nan aka shiga shekaru da dama na kai hari da ramuwa tsakanin Katsinar nan biyu, musamman zamanin Ɗan Baskore a tsakiyar ƙarni na 19. Yankinmu kuwa shi ne a tsakani.

Ku kwatanta manomi a wancan lokaci. In ya yi gida shi kaɗai a jigawa, mahara za su kwashe shi da iyalinsa. Dole ya matso cikin gari mai ganuwa ko shinge, kusa da ruwa, kusa da kurmin da zai ɓuya. Haka jama'a suka jeru a bakin gulbi, gari kusa da gari, aka bar sauran ƙasa ta zama daji. Dajin Baban Rafi da ke yammacin gundumar, wanda har yanzu Maraɗi ke samun itacen girki daga gare shi, yana nuna mana yadda wuraren da ba a zauna ba suke a da.

Zuwan Nasara ya juya al'amarin. Faransa da Ingila suka yi ta ja-in-ja kan iyaka a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi aka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba dangi, ya raba kasuwanni, ya kuma raba gulbi. Amma hare-hare sun tsaya, mutane suka fito daga kwari suka hau jigawa suna sassabe. In kun lura da ƙauyukan da sunansu ya fara da Gidan wane ko Garin wane, da yawansu irin wannan fita ce ta haife su: mutum ya ɗauki iyalinsa, ya haƙa rijiya, wurin ya ci sunansa. Noman gujiya don sayarwa ya ƙara ma sassaben sauri. Lokacin, in gona ta gaji sai a bar ta ta huta a buɗe sabuwa, don daji na nan.

Yanzu ga lissafi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17.1 a Nijar. Jahar Maraɗi ta tashi daga miliyan 2.2 a 2001 zuwa miliyan 3.4 a 2012. A 2012 gundumar Madarumfa tana da kusan mutum 450,000, komin ɗin Madarumfa kaɗai sama da 70,000. In aka raba bisa wannan ƙidaya, Nijar gaba ɗaya mutum 13 ko 14 ne a kowane murabba'in kilomita, mu kuwa mun haura 100. Kuma tsakanin 2001 da 2012 yawan jama'ar ƙasar ya riƙa ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato a wannan sauri yana ninkawa kafin shekara 20. Dajin da kakanninmu ke shiga in gida ya cika, babu shi kuma. Shi ya sa a yunwar 2005 yankin da ake kira rumbun ƙasa ya zamo cikin inda tamowa ta fi kama yara.

Mu koma ga ruwa. A ƙarshen shekarun 1980 Najeriya ta gina madatsar ruwa a Jibiya. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suka haɗa, har da na wannan gulbi. Duk da haka tsofaffin fadama za su gaya maku ambaliyar da ke shimfiɗa masu sabuwar laka kowace shekara ta ragu. Tabkin ma yashi na cike shi, don an sare itacen da ke riƙe ƙasa a gefensa, masunta kuma sun yi ma tarwaɗa da karfasa yawa.

Mutanenmu dai ba su naɗe hannu ba. A Jiratawa, filin noman rani da aka buɗe a farkon shekarun 1980 yana jawo ruwan ƙarƙashin ƙasa da injin, zogalensa ya yi suna har Yamai. Manoma sun koma barin gawo da sauran tsiro su girma cikin gona. Samari kuma suna bin iyaka: cin rani a Kano, ƙaramin fatauci ta Ɗan Isa, wasu haƙar zinariya. Amma mun ga abin da rufe iyaka a 2019 da 2023 ya yi ma kasuwanninmu. Mun ga ramin zinariyar da ya rufta a yankin Ɗan Isa a watan Nuwamba 2021 ya kashe aƙalla mutum 18. Ga kuma ƴan bindiga da suka sa mutanen wasu ƙauyukan bakin iyaka komawa manyan garuruwa, kamar dai zamanin Ɗan Baskore ya dawo.

Abokaina, wanda zai gaji gona a cikinmu, ɗan guntu zai gada. Don haka ina roƙon kowa, hutu mai zuwa ya zauna da tsohon gidansu da takarda da biro, ya tambaye shi: daga ina muka zo, wa ya haƙa rijiyar gari, ina iyakar gonarmu take a da, ina ruwan gulbi ke kaiwa? A kawo amsoshin mu haɗa su a fitowa ta gaba. Ni na fara da ƙanen kakana, kuma har ya nuna mani wata tsamiya a tsakiyar gonar mutane inda ya ce nan ne bakin daji lokacin yana yaro.